Sufurin Ruwa a Jihar Neja: Wane Tsarin Inji Ya Fi Dacewa da Jiragen Gudu?

MINNA — Tun bayan da haɗurran kwalekwale suka yawaita a Kogin Neja, wato Kwara, da tafkunan Kainji da Jebba da Shiroro, maganar maye gurbin kwalekwalen katako da jiragen zamani masu gudu ta zama ruwan dare a bakin hukumomi da 'yan kasuwa. Akasarin waɗannan jirage ana ƙera su ne da wata roba mai ƙarfi da ake haɗawa da zaren gilashi, wadda aka fi sani da faiba. Sai dai kuma sayen gangar jirgi rabin ciniki ne kawai. Sauran rabin, wanda shi ne ya fi cin kuɗi a tsawon rayuwar jirgin, ya danganta ne ga irin injin da aka ɗora masa da kuma hanyar da ƙarfin injin yake bi ya kai ga farfela.

A manyan jiragen gudu da ake ajiye injinsu a cikin ganga, tsari biyu ne suka fi gogayya a kasuwar duniya. Akwai tsarin V, wanda dillalai ke kira bi-diraib, da kuma tsarin ƙafar waje, wanda suke kira aut-diraib. Duk mai shirin zuba miliyoyin naira a jirgin fasinja ko na sintiri ko na ceto a ruwayen jihar, ya kamata ya san bambancinsu kafin ya sa hannu a takardar kwangila.

Abin da ya sa maganar ta taso

Jihar Neja, wadda aka ƙirƙiro a 1976, ita ce ta fi kowace jiha girman ƙasa a Nijeriya, kuma Kogin Neja da Kogin Kaduna sun ratsa ta. Ƙananan hukumomi irin su Agwara da Borgu da Mokwa da Lavun da Katcha da Lapai da Shiroro suna da garuruwa da ƙauyuka masu yawa waɗanda hanyar ruwa ce mafi sauƙi a gare su zuwa kasuwa ko gona ko asibiti. Madatsun ruwa na samar da wutar lantarki, wato Kainji da aka kammala a 1968, da Jebba a 1985, da Shiroro a 1990, da Zungeru a 2023, sun ƙara faɗin ruwan da jama'a ke ƙetarewa a kullum.

Asarar rayukan da ake yi a wannan hanya ba ƙarama ba ce. A watan Mayu na 2021 wani jirgi da ya taso daga Jihar Neja ɗauke da mutane sama da 150 zuwa kasuwar Warra a Jihar Kebbi ya nutse, aka rasa mafi yawansu. Ran 1 ga Oktoba, 2024, wani jirgin da ya ɗauko kimanin mutum 300, galibi mata da yara, daga Mundi zuwa Gbajibo a Ƙaramar Hukumar Mokwa don bikin Mauludi, ya kife da dare. A watan Satumba na 2025 kuma wani ya ci karo da kututturen itace da ruwa ya rufe a kusa da Gausawa a Ƙaramar Hukumar Borgu, mutane da dama suka riga mu gidan gaskiya.

Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida ta Ƙasa, wato NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lokoja, da Hukumar Raya Yankunan da ke Samar da Wutar Lantarki ta Ruwa, wato HYPPADEC, mai hedikwata a Minna, suna cikin hukumomin da nauyin inganta wannan sufuri ya rataya a wuyansu. Duk jirgin da irin waɗannan hukumomi ko gwamnatin jiha ko ƙungiyar masu jirage za su saya, tambayar tsarin inji tana nan tana jiransu.

Yadda kowanne yake aiki

Injin da aka saba gani a Malale da Rofia da Katcha shi ne injin rataye, wanda ake maƙalawa a bangon bayan kwalekwale, inji da giya da farfela duk a dunƙule wuri guda. Wani Ba'amurke ɗan asalin ƙasar Norwe mai suna Ole Evinrude ne ya fara cin kasuwarsa tun daga 1909, kuma a Nijeriya samfurin Yamaha ne ya fi yaɗuwa. Tsare-tsaren nan biyu da ake magana a kansu sun bambanta da shi, domin injinsu irin na mota ne, yana zaune a cikin jirgin.

A tsarin V, ana ajiye injin a can ƙarshen jirgi, amma a juya shi ya ba gaba baya. Ƙarfinsa yana fara tafiya gaba zuwa wani akwatin giya, daga nan giyar ta mayar da shi baya ta wata doguwar sandar ƙarfe da ke bi ta ƙarƙashin injin, ta huda ƙasan jirgi, ta juya farfela a cikin ruwa. Tafiyar gaba da dawowar baya su ne suke ba da siffar harafin V. Farfelar a kafe take, ba ta motsawa hagu ko dama, sama ko ƙasa. Wani allon ƙarfe da ke bayanta ne yake juya akalar jirgin idan direba ya murza sitiyari.

A tsarin ƙafar waje kuwa, injin yana jingine da bangon baya daga ciki, ƙarfinsa ya fita ta wata kafa a bangon, ya shiga wata ƙafa mai kama da ƙasan injin rataye. A cikin ƙafar giya tana karya ƙarfin sau biyu, da farko zuwa ƙasa, sa'an nan zuwa baya. Ƙafar gaba ɗayanta tana juyawa hagu da dama, don haka babu buƙatar allon juya akala, kuma ana iya ɗaga ta ko a sauke ta da maɓalli ko da jirgi yana tafiya. Kamfanin Volvo Penta na ƙasar Suwidin ne ya fito da wannan tsari kasuwa a 1959, bisa ƙirar wani injiniyan Amurka mai suna Jim Wynne, kamfanin Mercury ya bi sahu da samfurinsa na MerCruiser a 1961.

Gudu da sarrafawa

Idan gudu ake nema, ƙafar waje ce a kan gaba a yawancin jiragen da tsawonsu bai wuce mita 12 ba. Dalili na farko shi ne farfelarta tana tura ruwa kai tsaye zuwa baya, alhali sandar tsarin V a karkace take zuwa ƙasa, saboda haka wani kaso na ƙarfin injin yana ƙarewa wajen ɗaga bayan jirgi maimakon tura shi gaba. Na biyu, sanda da ƙarfen da ke riƙe ta da allon juya akala duk suna jan ruwa, suna rage gudu. Na uku, direba mai ƙafar waje yana iya daidaita kusurwar farfela gwargwadon nauyin kaya da yanayin igiyar ruwa, ya ɗaga goshin jirgi ko ya kwantar da shi, abin da ke rage shan mai.

Haka nan wajen shiga kwata ko ja da baya, ƙafar waje ta fi biyayya, domin inda aka juya ta nan ƙarfin yake nufa. Jirgi mai tsarin V da farfela ɗaya ba ya jin sitiyari sosai sai ruwa yana gudana a kan allon, shi ya sa yake da wuyar sarrafawa a hankali, musamman wajen ja da baya a inda kwalekwale suka yi cunkoso ranar kasuwa.

Tsarin V shi ma yana da nasa fagen. Kayan da ke cikin ruwa kaɗan ne kuma masu ƙwari: sanda da farfela da allo. Akwatin giyarsa yana cikin jirgi a bushe, inda bakanike zai iya kai hannu. Yana jure babban injin dizal mai juya nauyi, wanda zai iya cinye haƙoran giyar ƙafar waje cikin ɗan lokaci. Wannan ne ya sa ake samunsa a manyan jiragen aiki, da kuma jiragen tsere masu shimfiɗaɗɗen ƙasa da suka yi tashe a yammacin Amurka, inda ake ɗora wa ƙaramar ganga inji mai ƙarfin gaske. Bugu da ƙari, da yake farfelar tana ɓoye a ƙarƙashin jirgi, ta fi nisa da ƙafafun masu hawa da sauka ta baya.

Abin da ruwan Neja yake buƙata

Duk waɗannan ƙididdiga an yi su ne a ruwa mai zurfi da tsabta. Ruwayen Jihar Neja suna da nasu hali, kuma a nan ne zaɓin yake rabuwa.

Abu na farko shi ne hawa da saukar ruwa. Tafkin Kainji, mai faɗin sama da murabba'in kilomita 1,200, yana samun ambaliya biyu a shekara: ta damina, mai launin fari-fari saboda laka, da kuma wadda ke isowa da hunturu daga tsaunukan ƙasar Gini. Duk da haka, kafin faɗuwar sabuwar damina ruwan yakan janye da mita da yawa, gaɓa ta yi nisa, tudun yashi ya bayyana a inda jirgi ya bi lafiya watanni kaɗan da suka wuce. A ƙasa da Jebba, wajen Muregi da Baro, yashi yana sauya mazauni daga shekara zuwa shekara.

Abu na biyu shi ne kututture. Sa'ad da aka tare ruwa a Kainji, an tashi mutane sama da 40,000, tsohon garin Bussa ya nutse tare da gonaki da dazuzzuka, kuma itatuwa masu yawa suna nan tsaye a ƙarƙashin ruwa har yau. Irin wannan hali ake ciki a sauran tafkunan. Abu na uku shi ne ragar masunta da ciyawar ruwa, waɗanda ke nannaɗe farfela.

A gaban waɗannan abubuwa uku, farfelar da ba ta ɗagawa babbar matsala ce. Jirgi mai tsarin V yana buƙatar zurfi iri ɗaya a kowane lokaci, ba ya iya hawa gaɓar yashi ya sauke fasinja kamar yadda kwalekwale ke yi, kuma idan raga ta kama farfelarsa sai wani ya yi nutso ya yanke ta. Idan ya bugi kututture da gudu, sanda tana iya lanƙwashewa, ƙarfen da ke riƙe ta ya fizge, har ruwa ya shigo ta ƙasan jirgi. Gyaran wannan sai an fitar da jirgin tudu gaba ɗaya, alhali mafi yawan mashigan jihar gaɓar ƙasa ce tsura, ba kwata ta siminti, ba na'urar ɗaga jirgi.

Ƙafar waje kuwa ana ɗaga ta a ruwa marar zurfi, ana cire raga daga farfela ta bayan jirgi, ana kuma iya kwance ƙafar a kai ta gari gyara a bar jirgin a inda yake. An ƙera ta yadda za ta iya tashi sama idan ta bugi wani abu, ko da yake bugu mai ƙarfi yana fasa ta. Har ila yau, gangar ƙafar da sanholo ake yin ta, wanda gishirin ruwan Legas da Fatakwal ke ci da sauri, amma ruwan daɗi irin na Neja bai cika cutar da shi ba.

Rauninta yana wurin robobi. A inda ƙafar ta haɗu da jirgi akwai wata roba mai kama da zugazugin maƙera, wadda ke hana ruwa shiga. Idan ta tsufa ta tsage ba a lura ba, jirgi yana iya nutsewa a inda aka ɗaure shi. Zaren raga yana yanka robar da ke tsare man giya, ruwa ya shiga ya lalata haƙora. Lakar damina kuma tana cinye famfon da ke jawo ruwan sanyaya inji. Duk waɗannan ƙananan kaya ne, amma daga ƙetare ake shigo da su, kuma sai an canza su a kan lokaci.

Lissafin kuɗi

Ga ɗan kasuwa, farashin saye shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abubuwan dubawa. Akwai kuɗin mai, da kuɗin gyara, da kuma asarar ranakun da jirgi zai zauna ba ya aiki.

Bayan da gwamnatin tarayya ta janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuma ta haye naira 1,000 a ƙarshen 2024. Wannan ya sa kuɗin mai ya zama kaso mafi tsoka a hidimar jirgi. A ƙiyasin da masu harkar jirage ke amfani da shi, injin fetur mai ƙarfin doki 200 yana shan wajen lita 75 a awa ɗaya idan an sake masa wuta gaba ɗaya, na dizal mai irin wannan ƙarfi kuwa wajen lita 40. Tsohon samfurin injin rataye da ake haɗa masa fetur da baƙin mai ya fi haka sha.

Alal misali, jirgin da ke aiki awa 1,000 a shekara zai sha lita 75,000 ta fetur ko lita 40,000 ta dizal. Ko da a ce litar dizal ta fi ta fetur tsada da kashi 25 cikin 100, kuɗin da mai dizal zai biya daidai yake da na lita 50,000 ta fetur, wato ya tsira da sulusin kuɗin mai. Amma jirgin da ke aiki awa 100 kacal a shekara, abin da zai tsira da shi bai wuce kuɗin lita 2,500 ba, wanda zai ɗauki shekaru masu yawa kafin ya mayar da ƙarin kuɗin da aka biya wajen sayen injin dizal. Ashe ke nan amfanin injin cikin ganga, ko mai tsarin V ko mai ƙafar waje, yana ga jirgin da ke aiki kullum.

A tsakanin su biyun, ƙafar waje ta fi tsimin mai a gudu, tsarin V kuma ya fi tsimin kuɗin gyara muddin bai bugi kome ba. A nan ne darajar naira ta shigo. Daga wajen naira 460 a kan dala ɗaya a farkon watan Yuni na 2023, canjin hukuma ya wuce naira 1,500 a watan Fabrairu na 2024, kuma duk wani kayan gyara da ake shigowa da shi ya bi wannan hawa. Sandar tsarin V da ta lanƙwashe kaɗan, ƙwararren mai injin sassaƙa ƙarfe yana iya miƙe ta ko ya sassaƙa wata. Haƙoran giyar ƙafar waje kuwa sai na kamfani, kuma haɗa su yana buƙatar kayan aiki na musamman da bakaniken da ya koyi aikin.

Wannan batu na makanikai shi ne ƙarfin injin rataye. Ana samun mai gyaransa da kayansa a kusan kowace babbar tashar kwalekwale, mutum biyu suna iya ɗaukar matsakaicinsa su kai gari a bayan mota, kuma mai jirgin da ke da na ajiya yana ɗora wani ya ci gaba da aiki a ranar. Jirgin da ya ci miliyoyi amma ya shafe wata uku a ɗaure yana jiran roba ɗaya daga ƙetare, bai kai kwalekwalen da ke fita kowace safiya amfani ba. Da ma an ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Mai sayen ƙafar waje ya san ya sayi hidimarta.

Wanne ya dace da wane aiki

Idan aka haɗa waɗannan bayanai, ana iya kasa ayyukan ruwa na jihar gida uku.

Ƙetarar da jama'a daga ƙauye zuwa kasuwa, inda ake tsayawa a gaɓar yashi kuma hanya tana sauyawa da yanayi, injin rataye ne ya fi dacewa da ita, musamman idan an ɗora biyu domin in ɗaya ya mutu a tsakiyar ruwa ɗayan ya kai jirgi gaɓa.

Aikin sintiri da ceto da ɗaukar marasa lafiya, wanda ke buƙatar gudu da shiga ruwa marar zurfi da tsayawa daf da wanda ake ceto, ƙafar waje mai injin dizal tana iya yinsa da kyau, amma da sharaɗin a sa horar da makanikai da ajiyar kayan gyara na shekaru cikin kwangilar saye tun farko. In ba a yi haka ba, manyan injunan rataye na zamani sun fi zama abin dogaro.

Tsarin V kuwa wurinsa shi ne babban jirgi mai nauyi da ke bin hanya ɗaya sananniya mai zurfi, tsakanin kwata biyu ginannu. Irin wannan aiki yana iya samuwa a sassan Kainji masu zurfi, ko kuma tsakanin Lokoja da tashar jiragen ruwa ta Baro da aka ƙaddamar a watan Janairu na 2019, idan an yashe kogin aka kuma sa alamun hanya.

A ƙarshe, ya kamata a lura cewa dalilan da hukumomi suka sha ambata a haɗurran da aka lissafa su ne lodi fiye da kima, da tafiyar dare, da rashin rigar kariya, da kututture. Ƙarin gudu a ruwan da ba a share ba yana ƙara tsananin karo ne kawai. Saboda haka kuɗin da za a ware don sayen jiragen gudu ya kamata ya tafi kafaɗa da kafaɗa da na cire kututture, da sa alamu a hanyoyin ruwa, da gina kwata, da sa ma'aikatan da za su ƙirga fasinja a mashigi kafin jirgi ya tashi.